Ni Na Fara Sauka Rijiyar

Kwanan baya ina zaune a gindin itacen bedi bakin babbar hanya, sai ga malaman lakol, wato makarantar boko, da ma'aikatan gidan likita sun taho a jere, sun ɗaga ƙyallaye masu rubutu, suna waƙa, rabinsu suna ɗaukar hoton kansu da salula. Jandarma biyu na tafe a gefe kamar 'yan rakiyar amarya. Aka ce mani hukuma ce ke neman taɓa sandika, ƙungiyarsu ta ma'aikata, shi ya sa suka fito. Wani mai gyaran babur da ke kusa da ni ya ce wa abokinshi ai mutanen dauri ba su san irin wannan ba, su ko an taka wuyansu sai su ce Allah ya ba da haƙuri. Rabin maganarshi gaskiya ce, kuma ni ne shaidarta. Ɗaya rabin kuwa, waɗanda za su ƙaryata shi duk suna kushewa.

Ni ɗan ruga ne. Hausar nan a kasuwa na tsince ta, har yau kuma in raina ya ɓaci harshena yakan karkace. A dajin arewacin Gazawa na tashi, lokacin da daji yake daji, kalgo da sabara sun rufe hanya, in saniya ta shiga ciyawa sai dai ka hango ƙahonta. Abin da ke tada mu da safe kukan maruƙa ne a kan dangwali, igiyar nan da ake ɗaure su a jere, sai ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya, da farko ƙyal-ƙyal, in ta fara cika sai sautin ya yi nauyi. Innata na gefe tana girgiza gora tana fid da mai. Aikina shi ne in kwance maraƙi in kai shi ga uwarshi, in ya tsotsa kaɗan in janye shi, yana tirjiya yana shuri. Ubana ba mai yawan magana ba ne, amma yana kiran kowace saniya da sunanta, tana ɗago kai. Yakan ce mutum ya huda kunnen ɗiyarshi, ya huda ƙwarya, amma kar ya huda ƙasa, huda ƙasa aikin Haɓe ne. Yau in ka bi ta wurin nan gonaki ne sun haɗe baki da baki, ko inda akuya za ta raɓa babu, leda ce ke tashi inda a da zabi ke tashi.

Sai ruwa ya ɗauke. Damina ta farko ta yi rabi ta tsaya, ta biyu ko hadarin kirki ba ta haɗa ba. Shanu suka cinye ciyawa, suka ci ganye, suka koma cin bunun bukka da tsummokara. Saniya ta kwanta, sai mutum huɗu sun sa sanda ƙarƙashinta sun ɗaga, ta tsaya tana rawa, gobe ta sake kwantawa. Ungulu ta ƙoshi har ba ta iya tashi, sai dai ta matsa ta ba ka hanya. Garken ubana ya ƙare a rani ɗaya, shi ma ya bi su, ba ciwon komai, ya dai daina magana ne ya daina ci. Abin da ya rage wa zuri'armu duka 'yan shanun da ke hannun Baffa ne, ƙanen ubana. A lokacin ina da mata da jinjira. Na ji labarin gwamnati ta ba wani ɗan kwangila aikin gina rijiyoyin siminti masu zurfi daga ƙasar Agye har zuwa Gidan Runji, kuma ana ba 'yan ƙwadago jar dawar taimako. Na bar iyalina wurin Baffa, na tafi huda ƙasa.

Da shef, wato shugaban aikin, ya dube ni ya ga ba ni da nauyi, sai ya ce ni ɗan ciki ne, wato mai sauka ƙasa. Mu biyu muke karɓa-karɓa a cikin ramin, ni da wani Bawa, mutumin wajen Cadawa, mai fara'a, kullum zancen gonarshi yake da wake da zai shuka in ruwa ya dawo. Mai riƙon igiya kuwa, babbanmu a cikin 'yan ƙwadago, wani Bagobiri ne na Gidan Sori da muke kira Dogo. Ya girme mu, ya taɓa dako a ma'aikatar gyaɗa a birni, can ya ga yadda ma'aikata ke haɗa kai. Ranar da zan fara sauka, yana ɗaura mani igiya a ƙugu yana cewa kakanninshi da nawa sun sha jinin juna, yau ga ran Bafillace a tafin hannun Bagobiri. Sunana bai taɓa fita bakinshi ba, Fillo kawai yake ce mani. Amma ban taɓa jin igiya ta yi fizga ba in dai shi ke sama.

'Yan yanzu ba za su san cikin rijiya ba. Yau mota ce ke zuwa da dogon ƙarfe, ta yi ruri kwana biyu, ruwa ya yi tsiri, kowa ya tafa. Mu da dagi muke sara, gaba bayan gaba, wata da watanni. In ka wuce gaba ashirin sama takan koma kamar faifai, maganar mutanen waje ta zama gunaguni. Abin da kake ji sai numfashinka, da sarar dagi, da kukan ƙarfen da igiya ke gudu a kai in ana jan gugan ƙarfe cike da ƙasa. Zafin wurin ba irin na rana ba ne, jiƙaƙƙen zafi ne mai danne ƙirji. In guga ya tashi sama ba ka da wurin ɓuya, sai ka manne da bango ka bi shi da ido kana salati har ya kai. Daga nan na koyi cewa mutum na iya son igiya kamar yadda yake son uwarshi.

Igiyar tamu kuwa ta tsufa. Ta yi gashi, ta yi sirara a wuri biyu. Dogo ya nuna wa shef sau da yawa, shef ya ce babu wata, ƙasa na cikin wahala, a yi haƙuri a lallaɓa. Wata hantsi, mun riga mun fara samun yashi mai danshi, alamar ruwa ya kusa, Bawa na ciki, ni ina sama ina shan iska. Guga ya kusa baki sai muka ji tas. Dogo ya faɗi da baya riƙe da guntun igiya. Ƙarar da ta zo daga ƙasa ba mai ƙarfi ba ce. Muka kira Bawa, muka sake kira. Ni aka zura da igiyar wasakin wasu makiyaya na ɗauro shi. Ba zan faɗi yadda na tarar da shi ba. Da aka yi mashi wanka aka rasa likkafani, sai wata tsohuwa ta ba da farin zanenta. Ba mu gama rufe shi ba shef ya ƙulle igiyar nan inda ta tsinke, ya ce in shirya in sauka bayan azahar, mai kwangila na gaggawa. Ko wanda zai kai wa matar Bawa labari ba a tura ba.

Dogo bai yi faɗa ba. Ya kwance ƙullin, ya naɗe igiyar a kafaɗarshi, ya ce yau ba mai sauka. Kwana uku ya yi yana yawo da ƙafa daga wannan rijiya zuwa waccan, yana nuna wa sauran 'yan ƙwadago igiyar. Kowane wuri suna da nasu labarin, wani bango ya rufta mashi, wani ya fito bai ƙara gani da ido ɗaya ba. Wani malamin lakol na ƙauyen ya rubuta mana takarda da Faransanci. Abin da ke ciki kaɗan ne: a canza igiyoyi, a san da iyalin wanda ya mutu a bakin aiki, a kuma bar mu mu kafa sandika tamu, mu zaɓi mai magana da bakinmu. A lokacin jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasa, sandikar da ake da ita kuwa ta masu albashi da takalmi ce, shugabanninta tare suke cin abinci da masu mulki. Ɗan ƙwadago irina ba a san da shi ba a kowace takarda. Duka muka ajiye dagi, muka dangwala yatsa.

Ranar kasuwa muka nufi garin kwamanda, mai mulkin yankin, wanda ba zan faɗi sunanshi ba. Ba mu da ƙyalle ba mu da waƙa. Dogo na gaba da igiya a wuya, mu muna biye, yawancinmu ba takalmi, jikinmu fari fat da siminti. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar ƙafafu a kan yashi, da yadda kasuwa ta yi tsit da muka ratsa ta. 'Yan dako suka ajiye buhuna suka bi mu. Masu amalanke suka bi. Wasu manyan 'yan lakol suka shigo tsakiyarmu, sai mata 'yan gudun yunwa da ke zube a bakin gari suka taso da goyonsu, ba su ma san me muke nema ba, sun dai ga talakawa sun nufi buro, ofishin kwamanda. Ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ranar nan ba, kuma ban sake ji ba. Ni da na tashi ina gudun taro, ina kallon kowane Bahaushe a matsayin mai gonar da zai kama saniyata, sai ga kafaɗata na gugar ta wani, ban san shi ba, amma na san in na faɗi zai ɗaga ni.

Kwamanda bai fito ba. Wanda ya fito babban ɗan jam'iyya ne na yankin, da babbar riga mai aiki, tare da wasu dattawan gari da aka kira. Bai karɓi takardar ba. Ya yi magana mai tsawo cikin taushin murya. Ya ce sandika baƙon abu ce, ta Turawa, ba a san ta ba a gidajenmu; mu abin da muka gada shi ne ƙarami ya bi babba. Ya ce ana cikin masifa, mai ajiye aiki a irin wannan lokaci maƙiyin ƙasa ne. Ya ce ajali ne ya kira Bawa, mai jayayya da ajali kuwa ya san da wa yake jayayya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ƙara da cewa gwamnati uba ce, ɗa kuma ba ya kai wa ubanshi takarda. Sauran suka gyaɗa kai. Na san wasunsu ba su so ba, amma rabon hatsin taimako ta hannun jam'iyya yake bi.

Dogo ya durƙusa kamar yadda ake yi wa manya, ya sauke igiyar a gabansu.

"Ranka shi daɗe, mun ji gwamnati uba ce," in ji shi. "To uban da ya zura ɗanshi rami, ba ya duba igiya? Ga ta nan munka kawo a duba."

Ɗan jam'iyyar ya dubi igiyar, ya dubi dogaran buro, ya juya ya shige. Sai dorina. Ba su bambanta mai goyo da marar goyo ba. Taron ya watse, kowa ya yi ta kanshi, ana tattake ƙwarya da tabarmi. Na samu nawa rabon a gadon baya, tabon na nan. Suka danne Dogo suka ɗaure shi da igiyar da ya kawo. Da za a jefa shi cikin mota idonshi ya faɗa kaina, ya ce, "Fillo, kar wanda ya sauka." Malamin lakol ɗin ma kafin mako ya zagayo an ɗauke shi an jefa shi wani ƙauye can gabas.

Muka koma bakin rijiyoyinmu muka zauna. Aka yanke mana dawa. Muka ci tafasa da 'ya'yan anza masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Duk da haka ba wanda ya sauka, a rijiya ko ɗaya. Shef ya fara sassauta murya, har aka fara cewa mai kwangila zai zo da kanshi a yi magana. Ina ganin da mun ƙara mako guda da sun saki Dogo. Wannan zato shi ne abin da ya fi cina har yau.

Amma labari ya riga ya bazu cikin daji cewa rijiyarmu ta kai yashi mai danshi. Makiyaya suka yi ta zuwa da abin da ya rage masu, suka kewaye wurin. Shanu na jin ƙanshin danshi suna zagaya bakin ramin suna wani irin kuka marar ƙarfi. Shef da mutanen jam'iyya suka bi su bukka bukka suna cewa ruwa na nan ƙasa kaɗan, 'yan tawaye ne suka hana. Mutanena suka daina amsa gaisuwata. Ana haka sai ga Baffa da 'yan shanunshi, da matata a baya, jinjirar a goye ba ta ko motsi sosai. Baffa ya kira ni gefe, muka zauna a kan ƙasa. Yana zane a ƙasa da sandarshi ya yi magana da Fillanci. Ya ce ya ji an ce ni ne ɗan ciki. Na ce ni ne. Na ba shi labarin Bawa da igiya da Dogo, da alkawarin da muka dangwala wa yatsa. Ya saurara har na gama.

"Ɗana, ban san sandika ba," ya ce. "Na san waccan ja ɗiyar saniyar ubanka ce. Ita kaɗai ta rage daga jininsu. In ta mutu a bakin ramin da kai ka ƙi sauka, ka faɗa mani abin da zan ce mashi in na tarar da shi."

Ban taɓa musu da Baffa ba a rayuwata, ba a yi mana tarbiyyar haka ba. Washegari da safe na je wurin shef na ce zan sauka. Sai ya buɗe ɗakin ajiya ya jawo igiya sabuwa fil, a naɗe, ko ƙura ba ta sha ba. Tana nan tun kafin Bawa ya mutu. Abokan aikina suna zaune a inuwa suna kallona, ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya tashi ya riƙe mani igiya. Makiyaya ne suka zura ni. A ƙasa na tarar da hular Bawa cikin yashi, na tura ta a ƙuguna na ɗauki dagi.

Kafin la'asar an hau doki an kai labari sauran rijiyoyi cewa an sauka a tamu. Mai yunwa ba ya buƙatar dalili biyu. Kwana biyu kowa ya koma aiki, maganar sandika ta mutu, ba a sake tada ta ba. A rana ta uku ruwa ya ɓullo ƙarƙashin ƙafata, mai sanyi, ya haura idon sawu. Na ji guɗa daga sama kamar daga wata duniya. Ranar buɗe rijiya kwamanda ya zo da kanshi, da tuta da makaɗa, ɗan jam'iyyar nan ya yi jawabi a kan haƙurin talakawa da tausayin gwamnati. Aka nuna ni aka ce ga ɗan ƙasa nagari. Ba a ambaci Bawa ba, kabarinshi kuwa na nan bayan inda aka kafa rumfa.

Shanun suka sha. Amma ruwa ba ciyawa ba ne. Wasu a bakin kwalon shan ruwa suka kwanta, cikinsu ya cika da ruwa ƙafa ta kasa ɗauka. Sauran suka yi ta zagaye a fili ƙwal har su ma suka bi su. Jar saniyar ta kai kusan wata guda. Baffa ya ƙare a bakin birni yana gadin gidan wani. Jinjirar ta rayu, ita ce uwar jikokina, wannan kam ba na raina wa Allah. Dattawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Mu dai mun dafa, na kuma ga waɗanda suka sha. 'Ya'yan mai babbar rigar nan yau su ke tsayawa takara, suna zuwa da mota suna kiranmu iyayensu. Ba da daɗewa ba mulki ya canza hannu, aka saki manyan 'yan siyasa daga kaso, wato kurkuku, ana ta murna a rediyo. Dogo ba a rubuta shi cikin 'yan siyasa ba, an rubuta shi mai tada fitina, don haka ba wanda ya tuna da shi.

Ban koma ruga ba, don babu rugar. Na zama mai kora dabbobin wasu daga kasuwa zuwa kasuwa. Bayan shekaru masu yawa, ran wata kasuwar Cadakori, na kai awakin wani mutum, ina ratsawa ta wajen 'yan hatsi sai na ga wani tsoho a zaune yana ɗinkin tsofaffin buhuna, yana kai allurar kusa da idonshi. Tsawon ƙafafunshi na gane. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa na yi sallama, muryata kawai ya ji ya ce Fillo ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, na tambayi nashi, ya ce kafin ya fito matar ta rasu, gonar kuma an raba. Ya matsa mani gefen buhu na zauna. Ina ta juya yadda zan fara neman gafara, sai shi ya riga ni.

"Tun ina ciki anka ba ni labari. An ce don shanun gidanku ka sauka. Sun rayu?"

"Ko ɗaya ba ta ga damina ba," na ce.

Ya ajiye allurar a kan gwiwarshi. Ya dubi wajen masu awo, ko da yake ban san iyakar abin da yake gani ba. Ya ce duk shekarun da ya yi a ɗaure, da shanun nan yake lallashin ranshi. In abin ya ishe shi sai ya ce ko banza garken wani bawan Allah ya tsira, yana nan yana yaɗuwa, yara na shan nono. Har ƙirga masu haihuwa yake yi a zuci, damina bayan damina.

Na ce ya yafe mani. Ya laluba ya ɗauki allurarshi, ya jawo wani buhu ya nemo inda ya yage.

"Sauka ba komai ba ce, yunwa ta sa," in ji shi. "Amma yau kam, Fillo, da ka yi mani ƙarya."